Sallama daban, iso daban: tarihin izini daga zauren Rurum zuwa gajimaren kwamfuta

Kamar kullum, ga rubutaccen shirin wannan mako saboda waɗanda data ba ta ishe su sauke muryar ba.

Yau da wani abin kunya da ya same mu zan fara, don shi ya sa na koma tonon tarihin da za ku ji.

Ni ɗan Rurum Tsohon Gari ne, a ƙaramar hukumar Rano. Akwai wata ƙungiyar manoma da nake taimaka wa da aikin kwamfuta, ba zan ambaci sunanta ba. Mun daina rubuta sunayen mambobi a littafi, mun mayar da su intanet, inda shugaba da ma'aji da magatakarda kowa zai iya dubawa daga wayarsa. Wata damina, ana gobe rabon taki, muka kwana da jerin sunaye daidai. Da gari ya waye sai ga sunaye 14 sun ɓace, wasu 14 sun maye gurbinsu. Dattawan da suka biya kuɗinsu tun rani suka zo da jakunansu da baburansu, aka ce babu su a takarda.

Shugaban ya kira ni gefe, ya ce, "Ɗana, kai ne masanin abin nan. Wa ya taɓa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, injin ya ce shugaba ne ya taɓa."

Ya ce, "Ni? Ni da ko buɗe abin ban iya ba?"

To ai nan gizo ke saƙar. Asusu ɗaya muka buɗe da sunan shugaba, kalmar sirri ɗaya, mu shida muka san ta, har da tsohon magatakarda da ya ajiye aiki tun bara. Duk wanda ya shiga, injin shugaba yake gani. Har yau ba a san wanda ya yi ba. Zargi ya faɗa kan wani yaro da nake kyautata zaton ba ruwansa, kuma gidaje biyu sun daina gaisawa. Laifin kuwa nawa ne, ni na tsara abin haka don sauƙi.

A daren nan na tuna da kakana, Allah ya jiƙansa. Ina yaro nakan zauna kusa da shi a zaure. Baƙo zai yi sallama, a amsa, a tambaye shi wane ne, daga ina. Ya faɗa, a shimfiɗa masa tabarma, a kawo ruwa. Amma ko ɗan sarkin Makka ne, a zauren nan zai tsaya. Wata rana na tambaye shi me ya sa wani baƙo da ya san shi sarai bai wuce ciki ba, alhali mai tallan nono ta wuce ko kallonsa ba ta yi ba. Ya yi dariya ya ce, "Kai abokina, sanin mutum daban, ba shi hanya daban. Ita aikinta ne ya shigar da ita."

Wannan magana ita ce shirinmu na yau. Bahaushe yana da kalmomi biyu. Akwai sallama, wato a san ko kai wane ne. Akwai kuma iso, wato a duba ko ka isa ka shiga inda kake son shiga. Kuma iso bin matsayi yake yi, ba bin fuska ba.

Mu koma baya. Rano, kamar yadda kuka sani, tana cikin Hausa Bakwai, shi ya sa ake yi wa Sarkin Rano laƙabi da Autan Bawo. Labarin gargajiya ya ce an raba wa 'ya'yan Bawo ayyuka. Kano da Rano su ne sarakunan baba, wato rini. Katsina da Daura sarakunan kasuwa. Gobir ita ce ta yaƙi, Zazzau kuma ta bayi. Masana tarihi suna da ja a kan labarin Bayajida, amma ku lura da yadda kakanninmu suka hango mulki: tun a labarin asali ma, kowa da aikinsa da iyakarsa.

A Kano, Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya fi shahara da tsara wannan abu. A zamaninsa aka kafa majalisar da ake kira Tara ta Kano, aka gina Gidan Rumfa, aka kafa kasuwar Kurmi. A zamaninsa ne kuma Shehu Al-Maghili ya zo Kano, wajen 1492, ya rubuta masa nasiha kan yadda ake tafiyar da mulki. Daga cikin abin da ya ja hankalinsa a kai akwai naɗa ma'aikata kowa da fanninsa, da kuma bin diddigin waɗanda aka naɗa, a san abin da suka mallaka, a san abin da suke aikatawa. Wato ba a ba mutum muƙami a juya baya.

Idan ka dubi fadar Kano ta ƙarni na 19, za ka ga abin ƙarara. Shamaki yana kula da dawakai da barga da al'amuran bayin sarki. Ɗan Rimi da Sallama kowa da nasa ɓangaren, kuma ta hannun irin waɗannan manyan bayi ake samun ganin sarki. Kilishi shi ke da alhakin shimfiɗar sarki. Jakadiya tana shiga cikin gida wurin mata, inda Madaki da duk girmansa ba zai taka ba. Kun ga ke nan girman rawani bai buɗe kowace ƙofa. A ganuwa kuma kowace ƙofa da sarkin ƙofarta, shi ke rufewa da dare ya buɗe da safe, kuma ikonsa a bakin ƙofarsa ya tsaya.

Akwai wata hikimar da ta fi burge ni. Masu zaɓen Sarkin Kano su huɗu ne a al'ada: Madaki, Makama, Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta. Gidajensu ba sa neman gadon sarautar Kano. Mai zaɓe daban, wanda ake zaɓa daban. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Da jihadi ya zo, aka ci Kano, Sarki Alwali ya gudo nan kudu ta wajen Rano, a ƙarshe aka kashe shi a Burum-Burum a 1807. Sababbin shugabanni da farko ba su yi sha'awar sarautun Haɓe ba, suna ganin su a matsayin kayan mulkin da suka zo gyarawa. Sarki Sulaimanu ya yi mulki a haka har 1819, ikonsa a kan manyan gidajen jihadi bai yi ƙarfi ba. Da Ibrahim Dabo ya hau a 1819, tawaye ya taso masa ta ko'ina. Abin da ya yi shi ne ya nemi izinin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya farfaɗo da tsofaffin sarautu da muƙaman bayin sarki. Dalili a fili yake. Ƙasa ba ta mulkuwa da "ai kowa ya san kowa." Sai an ce wannan aikin na wane muƙami ne, iyakarsa kaza. Kuma ku lura, shi kansa Dabo sai da ya nemi iso daga sama kafin ya taɓa tsarin.

A wannan tsari Sarkin Rano yana cikin manyan sarakunan ƙasar Kano, irin su Gaya da Dutse da Ƙaraye. Yana da garuruwansa da fadawansa, amma akwai abin da sai an kai birni, kamar hukuncin kisa. Mu a ƙauye, sarƙar takan fara daga mai unguwa, zuwa dagaci, zuwa hakimi, zuwa sarki. Kowane mataki da abin da zai yanke da abin da zai miƙa gaba.

To amma kada na yi ta yabo kamar babu aibu. Tsarin yana da rami, kuma ramin shi ne jakada. Yawancin hakimai a wancan lokaci a birni suke zaune, garuruwan da ke ƙarƙashinsu kuma a warwatse. Sai hakimi ya tura jakadansa ya karɓo haraji ya kai saƙo. Jakada ba shi da iko na kansa, aron na ubangidansa yake yi. Amma da ya isa ƙauye, wa zai tantance inda saƙon hakimi ya ƙare da inda son zuciyar jakada ya fara? Talaka ba shi da hanyar dubawa. An aike shi karɓar kaza, ya karɓi kaza da ɗoriya, a ba shi masauki, a yanka masa kaji. Izini ne na aro wanda ba shi da iyaka a rubuce, ba shi da ranar ƙarewa.

Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, suka naɗa Sarki Abbas. Wajen 1907 zuwa 1908 suka sake yanka ƙasar gunduma-gunduma, suka tilasta wa hakimai barin birni su tare a gundumominsu, suka soke aikin jakadu. Wajen 1909 aka kafa Baitulmalin Kano, haraji ya koma shiga wuri ɗaya, masu sarauta suka koma cin albashi. Ba don tausayin talaka kawai suka yi ba, harajinsu suke so ya isa cif. Amma a nan mai karɓar kuɗi ya rabu da mai ajiyewa, aka kuma fara barin shaida a takarda.

Daga nan sai abin ya riƙa sauyawa ta wata fuska. Bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, gwamnati ta karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya mayar da gudanar da mulki hannun kansiloli da ciyamomi. Dokar filaye ta 1978 ta ɗora ikon ƙasa a hannun gwamna. Rawani yana nan, algaita tana nan, hawan salla yana nan, amma jerin abubuwan da rawanin ke buɗewa ya ragu.

Mu da ke nan yankin mun ga irin wannan da idonmu. A watan Mayu na 2019 aka yi dokar da ta ɗaga Rano, tare da Gaya da Ƙaraye da Bichi, zuwa masarautu masu daraja ta ɗaya, Rano da ƙananan hukumomi 10. A watan Mayu na 2024 aka soke dokar. A watan Yuli na shekarar aka yi wata, Rano ta zama masarauta mai daraja ta biyu da ƙananan hukumomi uku: Rano da Bunkure da Kibiya. Ba siyasa na zo yi ba, kowa da ra'ayinsa a kan wannan. Abin da nake so ku gani kawai shi ne sassa uku da ke cikin maganar: akwai mutum, akwai muƙami, akwai kuma rubutacciyar doka da ke faɗar abin da muƙamin zai iya da inda zai iya shi. Ana iya sauya ɗaya a bar biyu.

To, a kan waɗannan sassa uku ɗin masu kwamfuta suka gina nasu tsarin.

Da farko su ma irin kuskurena suka yi ta yi. Kowane fayil da jerin sunayen waɗanda za su buɗe shi. Ma'aikaci ya sauya ofis, sai an bi fayil ɗaya-ɗaya ana gogewa, kuma ba a taɓa gamawa. A 1975 wasu masana biyu a Amurka, Jerome Saltzer da Michael Schroeder, suka wallafa ƙa'idojin tsaron kwamfuta. Ciki akwai cewa kowa a ba shi mafi ƙarancin izinin da aikinsa ke buƙata, kuma abin da ba a ba da izininsa a fili ba, a ɗauka an hana. A 1992 David Ferraiolo da Richard Kuhn na hukumar ma'auni ta Amurka, NIST, suka tsara abin da ake kira izini bisa muƙami. A 2004 ya zama ma'auni na ƙasa a can. Ma'anarsa a taƙaice: kada ka rataya izini a wuyan mutum, rataya shi a jikin muƙami, sannan ka naɗa mutum. Ranar da ya tafi, ka warware rawanin, duk ƙofofin su rufe masa lokaci guda.

Sai kuma aka shigo zamanin gajimare. Kada sunan ya ruɗe ku, ba a sama abin yake ba. Manyan ɗakuna ne cike da kwamfutoci a wasu ƙasashe, kamfani ko gwamnati ko ƙungiya ta yi hayar wuri a ciki, tana sarrafa shi ta intanet. Amazon ya fara ba da irin wannan haya a 2006, a 2011 kuma ya buɗe wa kowa tsarinsa na raba izini. A 2010 hukumar NASA da kamfanin Rackspace suka fito da OpenStack, manhajar da kowa zai iya ɗauka kyauta ya gina nasa gajimaren. A nan babu zaure, babu dogari mai kallon fuska. Gidan yana da ƙofa a kowace waya a duniya. Don haka dole iso ya koma rubutu.

Ga yadda ake dubawa. Ka shiga da sunanka da kalmar sirri, wannan sallama ce. Sai a ba ka wata 'yar shaida ta ɗan lokaci, kamar wasiƙa mai hatimi, ɗauke da sunanka da muƙamanka da sashen da kake aiki. Duk lokacin da ka danna wani abu, manhajar takan yi tambaya uku: wane ne, me yake son yi, a kan me? Sai ta buɗe takardar ƙa'ida. A OpenStack takardar layi-layi ce, kowane aiki da sharaɗinsa. Misali, goge wannan abu sai shugaba ko mai abin. Idan muƙaminka ya dace da sharaɗin, kuma abin yana cikin sashenka, a wuce da kai. In bai dace ba, a ce ba ka da izini, ko da kuwa an san ka sarai. Kamar dai hakimin Kibiya ne ya zo yanke shari'ar gona a Bunkure: hakimi ne na gaske, amma ba hurumisa ba ne. A tsarin Amazon kuma, in layi ɗaya ya ba ka izini wani ya hana a fili, hanin ne ke rinjaye. Sannan ana iya ajiye rajistar duk abin da aka nema, da wanda ya nema, da lokacin.

Hikimar masu zaɓen sarki ma tana nan. Suna kiranta raba ayyuka: wanda ya rubuta takardar biyan kuɗi ba shi zai amince da ita ba, kuma manhajar kan ƙi haɗa wa mutum ɗaya muƙaman biyu.

Jakada fa? Shi ma yana nan da ransa. A gajimare ba mutane kaɗai ake naɗawa ba, har injuna ana ba su muƙami don su yi aike. A 2019 aka sace bayanan mutane kimanin miliyan 100 a Amurka da miliyan 6 a Kanada daga bankin Capital One. Wadda ta yi kutsen ta samu wata kafa a katangar tsaron bankin da ba a saita daidai ba, ta yaudari wani inji ya miƙa mata shaidarsa ta wucin gadi. Muƙamin injin kuwa an ba shi izinin leƙa rumbunan ajiya fiye da abin da aikinsa ke buƙata. Duk ƙofar da ta ƙwanƙwasa, aka duba shaida, aka ga daidai ne, aka buɗe. A 2020 hukuma ta ci bankin tarar dala miliyan 80, ita kuma kotu ta same ta da laifi a 2022. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mai gadi ya yi aikinsa, takardar da aka ba shi ce ta yi faɗi.

Mu koma Rurum. Bayan rikicin takin nan, na nemi shugaba ya tara kwamiti. Na ce, "Ranka ya daɗe, ina neman afuwa, ni na gina gida ba zaure." Muka zauna da takarda da biro, ba mu ma kunna kwamfuta ba. Muka rubuta muƙamai huɗu. Magatakarda yana shigar da suna amma ba ya gogewa. Ma'aji yana rubuta wanda ya biya amma ba ya taɓa sunaye. Shugaba yana amincewa da jerin ƙarshe, da ya amince kuma a kulle. Sauran 'yan kwamiti kallo kawai. Kowa da asusunsa da kalmar sirrinsa. Ni kaina na cire hannuna daga jerin, aikina naɗawa da warwarewa ne, shi ma sai da takardar kwamiti.

Wani dattijo ya ɓata rai, ya ce, "Wato yanzu ba a yarda da mu ba ke nan?"

Shugaba ya riga ni amsawa. Ya ce, "Malam, da an yi haka tun farko, da yaron nan bai kwana da sunan ɓarawo ba."

Wallahi wannan ita ce fa'idar da ban hango ba sai da ya faɗa. Iyaka tana tsare dukiya, tana kuma tsare mutuncin mai gaskiya, don ranar da abu ya ɓace akwai shaidar cewa hannunsa bai kai wurin ba.

Saboda haka, ɗan uwa mai shagon POS, da hedimasta mai rajistar ɗalibai, da ma'ajin masallaci, da ke 'yar uwa mai riƙe da adashin unguwa a waya, ga aikin gida. Ku zauna yau ku lissafa mutum nawa suka san kalmar sirrinku. A cikinsu wa ya bar aiki? Wa ke iya gogewa alhali dubawa kawai aikinsa ke buƙata? Akwai wanda ke rubutawa kuma shi ke amincewa? In abu ya sauya cikin dare, za ku iya sanin hannun wa? Ku riƙa maimaita wannan lissafi ko da sau ɗaya ne kafin kowace damina, don izini kamar ciyawa yake, in ba a nome ba yaɗuwa yake yi.

Yaron nan da aka zarga, na je har gidansu na ba shi haƙuri a gaban mahaifinsa. Ya ce ya yafe. Amma har yau bai dawo ƙungiyar ba.

A nan za mu dakata. Wanda ya san yadda ake neman iso a fadar garinsu, ko wani muƙami na gargajiya da ban ambata ba, musamman mutanen Kibiya da Bunkure da Tudun Wada, ya rubuto mana a ƙasa, za mu karanta a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Kuskuren da ke ciki nawa ne, a yi mini gyara.